Yadda ake zaɓen wurin koyon karate, taekwondo ko judo a Damagaram, da yadda ake gane horo mai kyau

Duk shekara in an shiga babban hutu, ko in an koma lakwal, sai wani ya tare ni a ƙofar masallaci ko a fada ya ce: "Malam, yaron nan ya dame ni da zancen karate, ina zan kai shi?" Na fara da karate tun ina saurayi, daga baya na koma taekwondo, kuma na raka ƙannena da 'ya'yan maƙwabta da nawa zuwa wuraren horo da dama. Wasu wuraren na bar yaro hankalina kwance, wasu kuwa na kama hannunsa muka juyo tun ba a tashi ba.

Sha'awar wasannin nan ta ƙaru ƙwarai tun da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar lambar azurfa ta taekwondo a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a Muju ta Koriya ta Kudu a 2017. Kafin shi lamba ɗaya tak ƙasar nan ta taɓa samu a Olamfik, wato tagullar da Issaka Daboré ya ciyo a damben zamani a Munich a 1972. Da yara suka yawaita, masu koyarwa ma suka yawaita, kuma ba dukkansu suka cancanci a danƙa musu ɗan mutum ba. Abin da na koya a shekarun nan shi ne, ingancin wuri a jikin ɗalibai ake karanta shi. Ɗamarar metir, wato malamin da ke horarwa, wadda launinta ke nuna matakinsa, da tsallen da yake iya yi nasa ne shi kaɗai. Abin da ɗanka zai samu shi ne abin da ka gani a jikin yaran da suka riga shi zuwa.

Abin da za ka tanada

Ƙaramin kaye da bik, don in ka zaga wuri uku abubuwa za su cakuɗe maka. Agogo ko waya don auna lokaci. Yammaci shida aƙalla da za ka ware, domin kowane wuri yana son zuwa biyu aƙalla. In da hali, wani tsohon ɗan wasa da ba shi da alaƙa da wurin, ya raka ka. In babu, malamin motsa jiki na lakwal ɗin yaron ya isa, don idonsa ya saba da gane motsin da ke ɓata gwiwa da baya.

Sai takardar likita. Wannan kada ka yi wasa da ita. A duba zuciya da numfashi, kuma ka faɗa wa likita gaskiya in akwai sikila, wadda muke ce wa emasi, ko asma, ko farfaɗiya. Ba lallai waɗannan su hana wasa ba, amma likita ne zai faɗi iyakar da za a tsaya, kuma dole mai horarwa ya sani tun ranar farko.

Ga wanda zai yi gwaji: wando mai faɗi, riga mai sauƙi, gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, farce a yanke. Kada ka sayi kimono, wato rigar wasan da wandonta, tukuna. Na judo mai kauri ne don a ja shi ba ya yagewa, na karate ya fi sauƙi, na taekwondo kuma ta kai ake sa shi kamar taguwa. In ka riga ka saya sannan yaro ya sauya wasa, ka yi asara.

Mataki na 1: Ka san abin da kake nema

Zauna da yaron, ko da kanka in kai ne mai koyo, ka amsa tambaya ɗaya: me ake so? Lafiyar jiki da tarbiyya? Gasa da lambobi? Ko kare kai a hanya? Amsar ita za ta nuna maka ƙofar da za ka fara ƙwanƙwasawa.

Judo, wanda Jigoro Kano ya kafa a Tokyo a 1882, kamawa ne da kayarwa da dannewa a ƙasa, ba naushi ba shuri. Ɗan Damagaram da ya tashi yana kokawa a rairayi zai ji kamar gida ya zo. Karate daga tsibirin Okinawa ya fito, naushi ne da shuri da tarewa, yana da salo da yawa, amma wanda ka fi cin karo da shi a ƙasashenmu shi ne Shotokan. Taekwondo na Koriya ne, ƙafa ta fi aiki a cikinsa, ya zama cikakken wasan Olamfik tun gasar Sydney ta 2000. Mai dogon ƙafa da sauri ya fi jin daɗinsa.

Ni dai in yaro bai kai shekara goma ba, kuma akwai wurin judo mai shimfiɗa ta kirki kusa, can nake fara turawa, saboda iya faɗuwa. Yaron da ya iya faɗuwa ba tare da kansa ya bugi ƙasa ba ya samu abin da zai amfane shi ranar da kabu-kabu ya zubar da shi. Amma kada ka kafe kan suna. Malami nagari a wasan da ba shi ka fi so ba ya fi malamin banza a wasan da kake mafarki.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne zuwa da abin da aka gani a fim. Wanda ya zo don ya koyi dukan mutum goma shi kaɗai, a wata na biyu zai gudu, ko kuma ya faɗa hannun mai yi masa alkawarin hakan.

Mataki na 2: Tattara wurare, ka auna nisa

Fara da ofishin matasa da wasanni na jiha, ka tambayi kulob ɗin da ke da rajista da kuma wanda ke riƙe da reshen jiha na kowane wasa. Leƙa gidan matasa da babban filin wasa da yamma, ka tambayi malaman lakwal da ɗaliban Jami'ar André Salifou. Rubuta wuri uku.

Sannan ka auna hanya. In kana Birni wurin kuma yana can bayan gari, lissafa kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa sau uku a mako, wata goma sha biyu. Sau da yawa kuɗin hanya ya fi kuɗin horon. Na ga yara masu hazaƙa da suka daina saboda wannan kawai. Duba kuma lokacin tashi: yaron da zai ratso Zango ko Sabon Gari shi kaɗai bayan isha'i, wa zai rako shi?

Mataki na 3: Je ka zauna ka kalla

Nan ne aikin yake, kuma gani ya kori ji. Zuwan farko ka yi sallama, ka gabatar da kanka, ka nemi izinin kallo. Zuwa na biyu kada ka sanar da rana. Wurin da aka ce iyaye ba sa kallo, wai akwai sirri, ka yi godiya ka tafi. Ba wani sirri a wasan da ake nuna gasarsa a talabijin duniya na gani.

Ka riga su isowa da minti goma. Fara da ƙasa. Judo ba ya yiwuwa a kan siminti. Shimfiɗarsa, wadda ake kira tatami, kaurinta santimita 4 zuwa 5 ne. Taka ta da ƙafarka, ka duba ko akwai rami tsakanin guda da guda inda yatsa zai maƙale ya karye. In wurin ba shi da tatami, rairayi mai laushi da aka tankaɗe aka cire duwatsu da kwalabe ya fi tabarmar roba a kan siminti nesa ba kusa ba. Karate da taekwondo ana iya koyon tushensu a daɓe mai santsi ko a fili, da sharaɗin ba a kayar da kowa a kai, ba a kuma sa yara yawan tsalle, don siminti yana cin gwiwa da diddige a hankali. Duba iska: ɗakin kwano marar taga a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wuri ne na suma. Duba ruwa: mun san halin ruwa a garin nan, don haka ka ga ko akwai randa ko bido, ko kuwa kowa da gorarsa yake zuwa. Duba ko ana share shimfiɗa, don makero da ƙazuwa a nan suke yawo daga fata zuwa fata.

Da an fara, kalli agogo. Horo mai kyau yana buɗewa da ɗumama jiki na minti 10 zuwa 15: gudu kaɗan, juya gaɓoɓi, sannan miƙa jijiyoyi. Daga nan koyon dabara, sannan gwadawa da abokin wasa, a ƙarshe a sassauta a huce. In ka ga awa guda ta wuce ana ta tsallen kwaɗo da birgima da zagaya fili, dabarar da aka koya ba ta fi ta minti biyar ba, to mai horarwar gajiyar da yara yake don ya rufe ƙarancin abin da ya sani. Gumi ba shi ne shaidar koyo ba. Lebura ma yana gumi.

Yanzu cire idonka daga metir, ka zaɓi yara biyu. Na farko, wanda ya fi kowa rauni a cikin sababbi, mai farar ɗamara da ke rikita hagu da dama. Yi ɗigo a kayenka duk lokacin da aka zo kansa aka gyara masa wani abu. Malamin kirki zai san sunansa, ya tsaya gabansa, ya nuna masa a hankali, ya ce ya sake. In an tashi ba ka yi ɗigo ko ɗaya ba, alhali an shafe lokaci kan yara uku masu zuwa gasa, ka san matsayin da ɗanka zai samu. Saurari irin gyaran kuma. "Ƙara ƙarfi!" ba gyara ba ne. "Juya ƙafar da kake tsaye a kanta kafin ka saki shurin, in ba haka ba gwiwarka za ta murɗe," wannan shi ne gyara, don ya faɗi abin yi ya faɗi dalili.

Na biyu, wanda ya shekara biyu ko uku a wurin. Shi ne hoton ɗanka nan gaba. Yana tsayawa daram bayan ya yi shuri, ko tangaɗi yake? Hannunsa yana komawa ya kare fuska? In an haɗa shi da ƙarami, yana sassauta masa yana koya masa, ko huce haushi yake a kansa? Wannan na ƙarshen ya fi komai nuna halin wuri, domin yadda aka yi wa manya suna ƙanana haka suke yi wa na bayansu. Ƙirga su ma. Wurin da ya daɗe amma duk sababbi ne, babu tsofaffin ɗalibai, akwai dalilin da ke korar mutane.

In judo ne, abin da za ka nema a makonnin farko ɗaya ne: faɗuwa. Haɓa a manne da ƙirji, hannu ya mari shimfiɗa, jiki ya mirgina. Ta baya, ta gefe, ta gaba, sau ɗaruruwa. Duk wanda ya bari aka kayar da sabon yaro kafin ya iya wannan, bai san aikinsa ba. Shaƙewa da murɗe gwiwar hannu kuma ba na ƙananan yara ba ne.

Abu ɗaya da ke ƙona mini rai har yau shi ne buɗe ƙafa da ƙarfin tsiya. Na taɓa zama a wani wuri na ga an zaunar da yaro ɗan shekara tara, babba ɗaya ya riƙe ƙafar dama, wani ya riƙe ta hagu, na uku ya hau bayansa yana dannawa, yaron yana ihu ana ce masa namiji ba ya kuka. Wannan yaga tsoka ne. Laushin jiki da watanni yake zuwa, kowa ya miƙa har inda zai ji ja ba zafi mai suka ba, ya riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30, gobe ya sake. Haka nan bulala ko dukan yaro da ɗamara don ya yi kuskure. Ladabtarwa a wasan nan ita ce a fitar da kai gefe ka zauna kana kallon 'yan'uwanka suna yi.

Mataki na 4: Ka ga ranar karawa

Tambayi ranar da suke gwada faɗa tsakaninsu, ka zo. Duba yadda ake haɗa su: tsawo da nauyi da daɗewa su yi kusa. Metir ya tsaya a kansu, idonsa a kansu, ba a kan waya ba, kuma da ya ce a tsaya kowa ya tsaya cak.

Kayan kariya na taekwondo su ne rigar kare ƙirji, hular kare kai, abin ƙwauri da na damtse, abin kare gaba, da robar haƙori. Na sani sarai ba kowane kulob ke da cikakken saiti ba, kayan suna da tsada kuma daga nesa ake kawo su. Rashin kaya ba laifi ba ne. Laifin shi ne a yi kamar akwai su. Malami mai hankali in riga biyu gare shi, bibbiyu zai riƙa shigar da yara suna karɓa-karɓa. In babu hula, ya hana taɓa kai gaba ɗaya. In babu komai, a yi ta dukan matashin horo, ko a yi karawar da ake tsayar da bugu kafin ya sauka. Robar haƙori kuwa kowa ya sayi tasa, ba a aronta.

Ka sa ido sosai kan abin da ake yi in an bugi yaro a ka. In ya yi jiri, ko ya rikice, ko ya ce kansa na ciwo, ko yana ganin abu bibbiyu, ko ya yi amai, ƙwaƙwalwa ce ta girgiza, ko da bai suma ba. Wasansa na ranar ya ƙare, a kira iyayensa, likita ya gan shi, kuma ba zai koma karawa ba sai likita ya yarda. Bugu na biyu a kan na farko da bai warke ba shi ne mai kisa ko nakasawa. Wurin da aka watsa wa yaro ruwa a fuska aka ce ya tashi ya ci gaba, ko kyauta suke koyarwa kada ka kai ɗanka.

Ga mai neman gasa, agogonka zai yi maka amfani. Taekwondo turmi uku ne na minti bibbiyu da hutun minti ɗaya a tsakani, judo na manya minti huɗu ne. In manyan ɗaliban wurin ba sa iya kai minti biyu ba tare da sun dafa gwiwa ba, horon bai kai na gasa ba.

Mataki na 5: Zauna da metir

Bari sai an tashi ya huce. Ka gaishe shi da girmamawa: "Metir, sannunku da aiki, Allah ya saka da alheri. Ina da 'yan tambayoyi in ba damuwa." Sannan ka tambaya: a hannun wa kuka koya, shekara nawa? Wa ya ba ku baƙar ɗamara? Kulob ɗin yana da rajista da hukumar wasan ta ƙasa? Yara suna da lasisi, kuma akwai inshora a cikinsa? In yaro ya ji ciwo, me ake yi, wa ke biya? Wa ke riƙe aji in ba ku nan?

Wanda ya koya da gaske yana jin daɗin ambaton malaminsa, zai ma ba ka labarin da ba ka tambaya ba. Wanda ya fusata, ko ya ce a wata ƙasa mai nisa ya koya wurin wani tsoho da ba a iya samu, ka rubuta hakan a kayenka. A taekwondo bincike yana da sauƙi: takardar dan, wato matakin masu baƙar ɗamara, da duniya ta sani daga Kukkiwon take fitowa, cibiyar da aka kafa a Seoul a 1972, tana da lamba, kuma ana iya duba sunan mai ita a shafinsu na intanet. A ƙa'idarsu, daga dan na 1 zuwa na 2 sai an shekara ɗaya aƙalla, daga na 2 zuwa na 3 shekara biyu, haka abin ke ƙaruwa, kuma wanda bai kai shekara 15 ba matakin yara ake ba shi mai suna pum. Saboda haka saurayi ɗan shekara ashirin da ya ce maka dan bakwai gare shi, lissafin bai fita ba. A judo da karate, reshen jiha ko hukumar ƙasa za su tabbatar maka. Wanda kuma ya yi karatun koyar da wasanni a INJS, cibiyar ƙasa ta matasa da wasanni da ke Yamai, ko ya halarci kwasa-kwasan masu horarwa na hukuma, wannan ƙari ne mai kyau.

Sai dai takarda ba ita ce komai ba. Na san masu dan ɗaya kacal da suka fi manya iya koyar da yara, saboda haƙuri. In saurayi ne mai ƙaramin mataki amma yana ƙarƙashin wani babba da ke zuwa duba shi, yana kai yaransa jarrabawa gaban alƙalan reshen jiha, ni na yarda da shi.

Nemi ganin akwatin magani: bandeji, auduga, maganin wanke ciwo, da lambobin iyaye a rubuce. In da maganar sunkuyawa wajen gaisuwa tana damunka ta fuskar addini, faɗa masa tun yanzu. Na ga wurare da dama da ɗan rusunar da kai ya wadatar. Tambayi kuma yadda suke yi da sallar la'asar da magariba, da yadda suke yi da azumi. Masu hankali suna rage nauyin horo su mai da shi bayan shan ruwa, kamar yadda suke kauce wa tsakar rana a bazara, suke kuma rage gudu a fili ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa saboda masu asma.

Tambaya ta ƙarshe, kada kunya ta hana ka: me kuke yi wa ɗalibin da ya yi faɗa a unguwa, ko aka kama shi da tramol? Duk wanda ya san garin nan ya san yadda ƙarfin jiki ke jan wasu samari zuwa rigimar ƙungiyoyin unguwa. Amsar da nake son ji ita ce gargaɗi, kiran iyaye, dakatarwa, kora. Malamin da ke taƙama da cewa yaransa sun tarwatsa wata fada, makami yake wasawa. Wanda kuma ke ba yara ƙwaya don kada su gaji, ko yake sayar musu da laya wai bugu ba zai kama su ba, ka nisance shi.

Mataki na 6: Kuɗi da ɗamara

Ka sa a faɗa maka duka tun farko, ka rubuta: kuɗin shiga, na wata, na lasisin shekara, na jarrabawar ɗamara, na tafiya gasa. Karɓi rasit ko da jika ɗaya ka biya. Kada ka biya shekara gaba ɗaya, wata-wata ya fi.

Inda ake cutar iyaye shi ne ɗamara. A judo da karate yawanci daga fara ake tafiya zuwa rawaya, ruwan lemo, kore, shuɗiya, ruwan ƙasa, sannan baƙa. A taekwondo ja ce ke gaban baƙa. Mai zuwa sau uku a mako ba fashi, shekara uku zuwa biyar yake ɗauka kafin baƙar ɗamara. Wanda ya yi maka alkawarinta cikin shekara guda, ƙyalle zai sayar maka. Tambayi iyayen da ke wurin ko an taɓa kayar da wani a jarrabawa. In duk wanda ya biya yana ci, kuma kowane wata biyu akwai sabon launi da sabon kuɗi, kasuwa ce.

Mataki na 7: In 'ya mace ce

Ka kai ta, wasan ya dace da ita. A gasar Olamfik ta Tokyo, Feryal Abdelaziz ta Masar ta ci zinariya a karate, 'yar ƙasarsu Hedaya Malak ta ci tagulla a taekwondo a Rio da hijabinta ƙarƙashin hula, Tekiath Ben Yessouf kuma ta wakilci Nijar a taekwondo a Tokyo. Sharuɗɗana dai ba na sassauta su: akwai wasu 'yan mata a ajin, akwai wurin sauya kaya mai ƙofa, ƙofar ɗakin horo a buɗe take, ba horo na ita kaɗai da malami, ba kiran waya da dare, ba tafiya gasa sai da babbar mace a tawaga. In akwai mace mai taimaka wa metir, wurin ya samu maki babba a wurina. Uwa ko yaya ta riƙa zuwa tana zama lokaci-lokaci. Rabin waɗannan sharuɗɗan ma sun shafi yara maza ƙanana.

Mataki na 8: Gwajin wata ɗaya

Ka zaɓi wuri, ka biya wata ɗaya, a fara da kayan gida. Ciwon tsoka na kwana biyu ko uku a makon farko ba komai ba ne, kowa ya yi shi. Ciwon da ke cikin gaɓa, gwiwa ko ƙugu ko kafaɗa, wanda ya wuce mako ko ya zo da kumburi, wannan na likita ne, kuma alama ce ta a sake duba yadda ake koyarwa.

Kowane dare ka ce: "Ɗana, nuna mini abin da kuka koya yau." In yana iya nunawa har ya faɗi dalilin motsin, ana koyarwa. Lura da shi ranar horo: yana ɗokin tafiya, ko ciwon ciki ke kama shi da lokaci ya yi? Yaron da ya fara ɓoye-ɓoye, ko ya daina ba da labarin wurin, zauna da shi a hankali ka ji. Duba halinsa da ƙannensa, duba makinsa a lakwal da karatun allo. In wata ya cika komai lafiya, sai a sayi kimono, a ɗan ƙara girma don yaro na tsawo kuma yadin yana shiga in an wanke. In kuɗi bai kai ba, tambayi metir ko akwai na wani da ya yi wa kaɗan, ko ka kai samfuri wurin tela a Kasuwar Dole ya ɗinka na karate ko na taekwondo da farin yadi mai ƙarfi. Na judo kam na ainihi ya fi, don ɗinkin tela ba ya jure ja.

In babu wurin da ya cika sharuɗɗan

Yana faruwa, musamman ga na ƙauyukan kewaye. Kada ka ce ko wane iri ne a kai shi. Kokawarmu tana nan, wasa ne cikakke mai hukuma da alƙalai, ana gasar takobi ta ƙasa tun 1975 da aka fara a Tahoua, kuma Damagaram tana da filinta mai sunan Langa-Langa. Tana gina ƙugu da ƙafa da iya tsayuwa, kuma duk ma'aunan da na lissafa suna aiki a kanta: kalli ƙasa, kalli yadda ake haɗa yara, kalli halin manya. Dambe kuwa, da hannu ɗaure da zare ana neman kai, ban yarda a sa yaro a ciki ba. Bidiyon waya yana taimaka wa wanda ke da malami ya tuna darasi, amma ba ya ganin kuskurenka balle ya gyara. Kafin a samu wuri, gudu da sassafe, tsallen igiya da miƙa jiki sun isa su shirya yaro.

In kuma ka fara a wani wuri sannan ka ga dole a tashi, je da kanka ka sallami metir, ka biya abin da ake bin ka, ka karɓi lasisin yaron da takardun ɗamararsa. Garin ƙarami ne, masu wasan sun san juna, kuma wataƙila shi ne zai zauna a teburin alƙalai ranar jarrabawar ɗanka. Sabon malami zai iya cewa yaron ya koma farar ɗamara na 'yan watanni har ya ga matakinsa, musamman in salon ya bambanta. Ka shirya yaron tun a gida don kada ransa ya ɓaci. Amma in duka ko cin zarafi ne ya sa kuka tashi, bayan ka janye ɗanka ka sanar da reshen jiha da ofishin matasa da wasanni, ka kuma gaya wa iyayen sauran yaran abin da ka gani.